Ƙuri'a a Amurka, Musu a Jos

A farkon watan Nuwamban 2008, da wuya a sami teburin mai shayi a Jos da ba a ambaci sunan Barack Obama ba. Daga Titin Bauchi har Bukuru, daga ɗakunan kwanan ɗaliban Jami'ar Jos har tashar Farin Gada, zancen ɗaya ne: ɗan wani mutumin Kenya ya doshi fadar White House. Duniya ma haka take ciki. Wata ƙuri'ar jin ra'ayi da BBC ta sa aka gudanar a ƙasashe 22 kafin zaɓen ta nuna cewa a kowace ɗaya daga cikinsu an fi son Obama a kan John McCain. A Legas har liyafar tara kuɗi aka shirya da sunansa a watan Agusta, aka tara miliyoyin naira, alhali dokar Amurka ta hana ɗan takara karɓar ko sisi daga mutanen ƙasashen waje. Maganar a hannun EFCC ta ƙare. Da ya lashe zaɓen ranar 4 ga wata, gwamnatin Kenya hutu ta bayar.

Mako uku da 'yan kwanaki bayan haka, ranar Alhamis 27 ga Nuwamba, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Filato. Kafin gari ya gama wayewa ranar Juma'a, gardama kan sakamakon Jos ta Arewa tsakanin PDP da ANPP ta zama wuta. Cikin kwana biyu aka ƙone masallatai da majami'u da gidaje da kasuwar Katako. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe aƙalla mutum 700, fiye da 130 daga cikinsu a hannun jami'an tsaro.

Yawancin matasan da ke riƙe da waya a Jos a yau suna goye ne a lokacin, ko suna ƙananan azuzuwan firamare. Su ne suka kwana ido biyu a daren 5 ga Nuwamban 2024 suna jiran sakamakon Pennsylvania da Jojiya, su ne suka cika zaurukan WhatsApp da hotunan Donald Trump da Kamala Harris. Dominsu ake tuno da 2008. A wata guda aka yi zaɓe biyu: wanda duniya ta zuba wa ido, da wanda ba a damu da shi ba sai da hayaƙi ya turnuƙe. Na biyun ne ya sa Musulmi ya sayar da gidan da aka haife shi a ciki ya koma wata unguwa, Kirista ma ya yi haka, har yara suka tashi ba su taɓa shiga layin da iyayensu suka yi wasan ƙasa ba.

Babu mai hankalin da zai ce wa matashi ya kau da kai daga duniya. Garin Jos kansa kasuwar duniya ce ta haife shi. Kuza ce ta tara jama'a tun farkon ƙarni na 20, leburori da 'yan kasuwa daga Kano da Bauchi da Borno da kudu suka zo suka zauna tare da Birom da Anaguta da Afizere, kuma farashin da ke ciyar da su duka a Landan ake yanke shi. A watan Oktoban 1985 kasuwar kuza ta rushe a can, sana'ar da dama ta fara ja da baya ta durƙushe, ta bar manyan ramuka cike da ruwa a Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi. A 2022 manomin dankali a Bokkos ya ji yaƙin Rasha da Yukren a kuɗin buhun taki, mai gidan burodi ya ji shi a kuɗin fulawa. Kakanni sun san da haka, shi ya sa rediyo ba ya barin kunnensu: BBC Hausa tun 1957, sai Muryar Jamus, sai Muryar Amurka daga 1979. Bin labarin duniya gado ne mai kyau. Yadda ake binsa shi ne abin gyara.

Najeriya ta daɗe tana ba masu auna ra'ayin duniya mamaki. A 2004, bayan mamaye Iraƙi, an tambayi mutane a ƙasashe 35 wa suka fi so tsakanin George Bush da John Kerry. Ƙasashe 30 suka ce Kerry. Uku kacal suka tsaya wa Bush: Filifin, Poland da Najeriya. A binciken cibiyar Pew na 2019, kashi 58 cikin ɗari na 'yan Najeriya sun ce sun amince Trump zai yi abin da ya dace a harkokin duniya, a lokacin da Jamusawa kashi 13 ne suka ce haka, mutanen Meziko kashi 8. A 2025 kuwa, cikin ƙasashe 24 da aka tambaya, Najeriya ce a sahun gaba da kashi 79, Kenya na biye da 74, sannan Isra'ila da 69.

Idan irin waɗannan alƙaluma suka faɗo cikin zaure, wani ya ɗaga su yana alfahari, wani ya ce ƙarya ce tsagwaronta tunda shi ba a tambaye shi ba. Dukansu sun yi gaggawa. Cibiya irin Pew takan tambayi kimanin mutum dubu ɗaya ne a ƙasa, a zaɓo su ta yadda za su wakilci sauran, kuma in an yi aikin da kyau sakamakon yakan kusanci gaskiya. Amma adadi guda da aka liƙa wa ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 yana rufe abubuwa da yawa. Duk wanda ya san Jos ya san amsar da za a samu a Unguwar Rogo daban take da ta Kabong, ko da yake tsakaninsu tafiyar Keke ce ta 'yan mintoci. Lokacin da aka yi tambayar ma abin lura ne. Binciken 2025 a watannin farko na shekarar aka yi shi, kafin Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta wata uku mai shiga sau ɗaya a watan Yuli. Matashin da ya ga adadi, ya fara neman wa ya yi tambayar, wa aka tambaya, yaushe, da wace irin magana aka yi ta.

Sannan ya riƙe cewa ra'ayin duniya ba ya shiga akwati. Ƙasashe 30 sun so Kerry, Bush ne ya koma kujera. Ko rinjayen Amurkawa kansu ba shi ne mai yanke hukunci ba: ƙuri'un wakilan jihohi 538 ake rabawa, wanda ya sami 270 ya ci. A 2016 Hillary Clinton ta fi Trump da ƙuri'a kusan miliyan uku, ta faɗi. A 2024 Trump ya sami 312, Harris 226, kuma abin da ya fi damun mai jefa ƙuri'a a can shi ne tsadar cefane da kuɗin haya da masu tsallako iyakar Meziko. Filato ba ta cikin lissafinsa ranar zaɓe.

Inda abin yake da ciwo shi ne yadda musu kan Trump ke rabuwa a Jos. A wannan layi za a ji saurayi na cewa, "Shi kaɗai ne ya damu da jinin Kiristoci, Allah ne ya kawo shi." A wancan layi wani na cewa, "Mutumin da ya hana Musulmi shiga ƙasarsa, ya kai ofishin jakadanci Ƙudus, wane alheri zai yi mana?" Kowannensu yana da abin riƙewa, kuma bai dace a raina zafin zuciyar ko ɗaya ba. Na farkon ya binne dangi a ƙauye. Na biyun yana kwana da hotunan yaran Gaza a idonsa. Sai dai salon musun irin na gidan kallon ƙwallo ne, inda kowa ya riga ya zaɓi kulob, namu ba ya laifi, nasu ba ya abin kirki. Bambancin shi ne 'yan kallo sukan fito su hau babur ɗaya su tafi gida, wannan kuwa a kan iyakar masallaci da coci yake rabuwa, a garin da wannan iyaka ta ci rayuka.

Jos ta taɓa ganin abin da rigimar nesa ke yi idan ta faɗo cikin ta gida. Rikicin 2001 ya fara ne ranar Juma'a 7 ga Satumba. Ranar 11 ga wata, gari na tsakiyar cin wuta, labarin harin New York ya iso, kowane ɓangare ya karanta shi da idon abin da ke ransa. Kimanin mutum dubu ɗaya aka rasa cikin ƙasa da mako guda. Wata ɗaya bayan nan, zanga-zangar adawa da ruwan bama-baman Amurka a Afganistan ta rikiɗe zuwa kashe-kashe a Kano, kuma waɗanda suka mutu maƙwabta ne da 'yan kasuwa, ba wanda ya taɓa tuƙa jirgin yaƙi a cikinsu. A shekarun da suka biyo baya har laƙabi aka riƙa yi wa unguwannin Jos da sunayen Afganistan da Sabuwar Urushalima.

Maganin wannan shi ne duba aiki, kuma aikin shugabannin Amurka ba ya bin layin da aka shata a Jos. A ɗauki Bush. A 2003 ya mamaye Iraƙi bisa zargin makaman da ba a samu ba, dubban ɗaruruwan mutane suka halaka, kuma ba a yi kuskure ba da aka yi Allah wadai da shi a masallatan Arewa. A wannan shekarar dai ya ƙaddamar da shirin PEPFAR na yaƙi da cutar ƙanjamau. Daga 2004 kuɗin shirin ya fara isowa Jos, cibiyar APIN da ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren ba da maganin a ƙasar nan, asibitin Faith Alive ma ya shiga. Kafin lokacin, wanda aka gwada aka samu yana da cutar, in ba mai hali ba ne, gida yake komawa ya jira ajali. Bayan nan sai ga layi tun da sassafe, cikin sanyin Jos mai ratsa ƙashi: mace da hijabi, kusa da ita wata da ɗankwalin zumuntar mata, dattijo da hula, saurayi ya ja rigar sanyi ya rufe rabin fuska don kada a gane shi, kowa da katinsa a hannu, a benci ɗaya, ana kiran lamba. Yara da yawa da aka haifa lafiya daga iyaye mata masu ɗauke da cutar yanzu sun zama samari da 'yan mata, wataƙila suna cikin masu musun nan a waya. Mutum ɗaya ne ya sa hannu a kan yaƙin da kuma maganin, kuma adalci shi ne a faɗi duka biyun.

Obama da aka yi wa murna ya je Alƙahira a 2009 ya yi wa duniyar Musulmi jawabi mai daɗi. A zamaninsa ne kuma jiragen NATO suka taimaka aka kifar da Gaddafi a 2011, rumbunan makaman Libiya suka fashe suka malalo Sahel, kuma shi da bakinsa ya ce a 2016 rashin shirya wa abin da zai biyo baya shi ne kuskurensa mafi muni. Gwamnatinsa ce ta hana a sayar wa Najeriya jiragen yaƙi masu saukar ungulu a 2014 ana tsakiyar fama da Boko Haram, ita ce kuma ta sa hannu a 2016 kan ba Isra'ila tallafin soja na dala biliyan 38 cikin shekara goma. Ya ziyarci Ghana da Kenya da Senegal, bai taka Najeriya ba a shekara takwas ɗinsa. Trump ya amince a sayar da jiragen Super Tucano guda 12, suka fara isowa a 2021. Shi ne kuma a watan Janairun 2020 ya sa Najeriya cikin ƙasashen da aka hana wa bizar ƙaura, matakin da bai tambayi addinin kowa ba, ya shafi Bitrus kamar yadda ya shafi Bashir. Joe Biden ya soke wannan hani a ranar da ya hau mulki, sannan ya ci gaba da aika makaman da aka ragargaza Gaza da su bayan 7 ga Oktoban 2023.

Saboda fushin abin da ya faru a Gaza ne Larabawan birnin Dearborn a jihar Mishigan, waɗanda suka daɗe suna bin jam'iyyar Democrat, suka ba Trump rinjaye a garinsu a 2024. Cikin watan Fabrairun 2025 suka ji shi yana maganar kwashe mutanen Gaza zuwa wasu ƙasashe. Su da ke da ƙuri'a a hannu ke nan, balle mai kallo daga Dilimi a Jos.

Abin da ya biyo bayan zaɓen 2024 ya iso Jos ta ƙofofin da masu musu ba su zata ba. Ranar 20 ga Janairun 2025 Trump ya dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, daga nan aka rushe hukumar USAID. An sassauta daga baya ga magungunan ceton rai, amma ma'aikatan lafiya da na ƙungiyoyi da yawa sun rasa aiki, shirye-shiryen gwaji da wayar da kai da ciyar da yara masu tamowa suka tsaya ko suka ragu, har majalisar tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya don toshe giɓin. A watan Maris kuma dattawan da suka saba murɗa rediyo da asuba suka nemi Sashen Hausa na Muryar Amurka suka rasa. Darasin da ke ciki na gida ne: ƙasar da ta bar maganin talakawanta a hannun majalisar wata ƙasa, duk zaɓen da aka yi a can sai gabanta ya faɗi.

Akwai magana mafi nauyi, wadda ta shafi Filato kai tsaye. Jinin da aka zubar a jihar nan ya zama abin muhawara a siyasar Amurka. Trump ya tayar da batun kashe Kiristoci a gaban Shugaba Buhari a fadar White House ranar 30 ga Afrilun 2018. A Disambar 2020 aka sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake zargi da tauye 'yancin addini, a Nuwamban 2021 gwamnatin Biden ta cire ta, a ƙarshen Oktoban 2025 Trump ya mayar da ita har da barazanar turo soja, sannan a ranar Kirsimeti jiragen ruwan Amurka da haɗin kan gwamnatin Najeriya suka harba makamai kan wasu wurare a jihar Sakkwato. Sunan ƙasa yana shiga jeri yana fita gwargwadon wanda ke mulki a Washinton, kashe-kashen kuwa ba su tsaya ba a ƙarƙashin ko wannensu.

A nan ne ake roƙon matashin Jos ya zama mai gaskiya ko da tana da ɗaci, domin shi ne shaida. Kisan Dogo Nahawa na 7 ga Maris 2010 gaskiya ne, ɗaruruwan mutane, yawancinsu mata da yaran Birom, aka yi wa kisan gilla cikin dare. Kisan Kuru Karama a watan Janairun shekarar gaskiya ne, Musulmi aƙalla 150, an tsamo gawawwaki daga rijiyoyi. Harin jajibirin Kirsimetin 2023 a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi, inda aka rasa fiye da mutum 150, gaskiya ne. Matafiya fiye da 20 da aka tare a Titin Rukuba ranar 14 ga Agustan 2021 suna dawowa daga Bauchi gaskiya ne, haka mutanen Yelwa Zangam da aka ƙone a gidajensu kwana goma bayan nan. Boko Haram ta kai hari majami'u a Jos, ta kuma kai hari masallacin 'Yan Taya ana tafsiri a watan azumin 2015. Wanda ya ɗauki rabin wannan jeri ya aika wa baƙo a intanet ya ɓoye sauran rabin, ya ci amanar mamatan da ya ɓoye, ya kuma ba baƙon taswirar da za ta ɓatar da shi. A ƙarƙashin rigimar akwai ƙasar noma da burtali, akwai takardar shaidar ɗan ƙasa da batun wane ne baƙo, akwai satar shanu da ramuwar gayya, akwai kuma rashin hukunta mai laifi. Kwamitin Fiberesima ya zauna bayan rikicin 1994, na Niki Tobi bayan na 2001, na Bola Ajibola bayan na 2008, na Solomon Lar a 2010. Rahotanninsu suna nan, mafi yawan shawarwarinsu ba a aiwatar ba, kuma babu shugaban wata ƙasa da zai zo ya aiwatar da su.

Ya kamata duk mai ba da labarin Filato ya haɗa da na Malam Abubakar Abdullahi, limamin ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, wanda a watan Yunin 2018 ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su ga 'yan bindiga. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta karrama shi a 2019, a zamanin Trump. Haka nan mai tausayin Gaza ya sani akwai Kiristoci Falasɗinawa a cikin waɗanda aka kashe, har cocin Saint Porphyrius mai tsohon tarihi bom ya taɓa a Oktoban 2023. Tausayi abu ne mai kyau, addu'a da taimako da faɗin gaskiya hakki ne. Maƙwabcin da ke sayar da doya a bakin layi kuwa ba shi ya jefa bom ɗin ba.

Duk wannan musu ta waya yake shigowa, kuma wayar ba ta da tsarki. A waɗancan kwanaki na Yunin 2018 hotuna masu tayar da hankali suka bazu a Facebook ana cewa daga Barikin Ladi suke. Binciken BBC ya gano cewa ɗaya daga cikin bidiyoyin a Kongo Brazabil aka ɗauke shi tun 2012, wani hoton kuma ya daɗe yana yawo kafin rikicin. Kafin a gane haka, an tare hanya an fitar da matafiya daga motoci an kashe su. A zaɓen Najeriya na 2015 an ɗauko kamfanin Cambridge Analytica, wanda daga baya ya yi wa Trump aiki a 2016, aka yaɗa bidiyon zubar da jini don tsorata masu zaɓe da Buhari. A 2020 aka bankaɗo wani gida a Ghana, da reshe a Najeriya, inda aka ɗauki matasa aiki suna rubutu da sunan baƙaƙen fatar Amurka don hura wutar gaba a can, kuma igiyar ta kai ga Rasha. Wato akwai masu cin abinci da fushin matasa, a kowane ɓangare. Waɗanda suka ɗaga tutar Rasha a Kano da Kaduna lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa a Agustan 2024 yunwarsu gaskiya ce, amma neman mai ceto a Mosko tafiya ce a kan hanyar da mai neman mai ceto a Washinton yake kai.

Abin yi ba shi da wahala. In saƙo ya zo da hoton gawa, ko da muryar wani shugaba yana zagin wani addini, ko an rubuta "tura wa mutum goma" a ƙasansa, matashi ya dakata tukuna. Ya duba ko wata kafa da aka sani da suna da adireshi ta kawo labarin. Ya sa hoton a manhajar binciken hoto ta Google ya ga ranar da ya fara fitowa. Ya tuna yanzu kwamfuta na iya ƙirƙirar murya da fuskar mutum. In shakka ta rage, ya bar saƙon ya mutu a wayarsa. Idan kuma kawu ne ko yaya ya turo a zauren dangi, ya bi shi ta gefe cikin ladabi: "Kawu, wannan hoton fa na duba, tsoho ne, ba na nan ba ne." Jumla ɗaya irin wannan tana iya hana a tare hanya.

Ƙwazon da ake kashewa a zaɓen wasu, gida na bukatarsa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin mutum fiye da miliyan 93 da suka yi rajista, kusan kashi 27 cikin ɗari ne suka fito, alhali a Amurka a 2024 kusan kashi biyu cikin uku na masu iya zaɓe sun jefa ƙuri'a. Shawarwarin da suka fi girgiza aljihun ɗan Jos a 'yan shekarun nan, cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira bayan makonni, a Abuja aka yanke su. Tun 2018 doka ta rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai zuwa 25. Wanda ya iya lissafin jihohin da ke kai ɗan takara 270, ba zai gaza karanta kasafin jiharsa ba, ya ga nawa aka ware wa magani da ruwan famfo da makarantu, nawa kuma aka saki a zahiri.

Ga misali a tsakiyar gari. Babbar kasuwar Terminus, wadda a da ake zuwa kallonta daga jihohi maƙwabta, ta ƙone a watan Fabrairun 2002. A gefenta ne bama-bamai biyu suka tashi ranar 20 ga Mayun 2014 suka kashe aƙalla mutum 118, Musulmi da Kirista, masu talla da masu cefane. Gwamna Dariye ya zo ya wuce, Gwamna Jang ya yi shekara takwas, Gwamna Lalong ya yi takwas, yunƙurin sake gina ta da kuɗin bankin Jaiz a 2022 ya maƙale cikin gardamar addini da ta waɗanda za su mallaki shaguna. Fiye da shekara 20 'yan kasuwa suna baje kaya a bakin titi, ana kora suna dawowa, dubban shagunan da za su ɗauki yaran shago da masu ɗinki da masu gyaran waya ba su samu ba. Duk mai neman kujerar gwamna ko ta majalisar jiha a 2027 zai shigo unguwa neman ƙuri'a, kuma matasan Gangare da na Tudun Wada suna da damar tsayar da shi su tambaye shi da wane kuɗi za a gina kasuwar, cikin wata nawa, da kuma yadda za a raba shagunan.